Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Na'urar Gem daga Kyoto zuwa Idi-Araba

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a unguwannin Hausawa na Ikko, kamar Idi-Araba da ke cikin Mushin ko Zangon Agege, a shekarun 1990, da wuya a ce bai san wani ɗan akwatin roba da ake jonawa a jikin talabijin ba, wanda yara ke kira gem. A gidan haya mai ɗaki goma, sau da yawa gida ɗaya ne ke da shi, sai a taru a tsakar ɗaki ana jiran layi, ana fifita adafta da murfin kwano don kada ta ƙone, ana kuma addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta kafin layi ya zo kan mutum. A jikin kaset ɗin akan rubuta cewa wasa dubu ne ko fiye a ciki, amma in an kunna sai a tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sunaye daban-daban. Sai da muka girma muka gane cewa abin da muke kira Nintendo ɗin nan, yawancinsa kamfanin Nintendo bai taɓa ganinsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan akwati, domin tarihinsa ya shafi wata tsohuwar muhawara da mu ɗaliban adabi muka saba da ita, wato ina iyakar ƙirƙira take, kuma daga ina kwaikwayo ya fara.

Mafarin Al'amari

Na'ura ta farko da aka sayar don yin wasa a talabijin ɗin gida ita ce Odyssey, wadda kamfanin Magnavox na Amurka ya fitar a 1972, bisa aikin wani injiniya mai suna Ralph Baer. A cikin wasanninta akwai na ƙwallon tebur. A watan Mayu na wannan shekara, Nolan Bushnell ya halarci wani taron baje kolin na'urar a jihar Kalifoniya, ya gani da idonsa. Bayan 'yan watanni kamfaninsa na Atari ya fito da Pong, wanda shi ma ƙwallon tebur ne. Sai dai Allan Alcorn, injiniyan da ya haɗa Pong, ya ƙara abubuwan da Odyssey ba ta da su: ya sa sauti, ya sa na'urar ta riƙa ƙidaya maki da kanta, ya kuma sa ƙwallon ta riƙa ƙara gudu in wasa ya yi tsawo. Magnavox ya kai ƙara kotu, aka sasanta a 1976, Atari ya biya kuɗin izini.

A wannan shekarar kuma kamfanin General Instrument ya fitar da wata 'yar ƙwayar lantarki da ta ƙunshi wasan gaba ɗaya, wanda hakan ya ba kowane ƙaramin kamfani damar sayenta ya saka a akwati ya liƙa sunansa. Daga cikin waɗanda suka shiga wannan kasuwa ta masu kama da Pong har da Nintendo, tsohon kamfanin da aka kafa a birnin Kyoto na Japan tun 1889 don buga karta. Na'urarsa ta farko, Color TV-Game ta 1977, ba wani abu ba ce illa ire-iren Pong. Ke nan wanda daga baya ya fi kowa kuka da masu kwaikwayo, shi ma da kwaikwayon ya buɗe ido.

Canjin da ya fi muhimmanci a wannan zamani shi ne kaset da ake cirewa a sauya, ta yadda na'ura ɗaya za ta yi wasanni da yawa. Kamfanin Fairchild ne ya fara fitar da irin wannan a 1976, kuma jagoran injiniyoyinsa wani baƙar fata ne ɗan Amurka mai suna Jerry Lawson. Amma Atari ne ya ci ribar dabarar da na'urarsa ta 1977. Kasuwa ta cika da kaset marasa inganci har jama'a suka gaji, ciniki ya rushe a 1983, Atari ya kwashi kayan da suka yi kwantai ya binne a garin Alamogordo, inda aka tono wasu a 2014.

Famicom da 'Ya'yanta na Waje

Ranar 15 ga Yuli 1983 Nintendo ya fitar da Famicom a Japan, sannan a 1985 ya kai ta Amurka da sunan NES. Ita ce uwar akwatin da muka sani. Ƙwaƙwalwarta an gina ta ne bisa tsarin wata tsohuwar ƙwaya ta Amurka mai lamba 6502 wadda ta fito tun 1975, madannin nan mai siffar gicciye kuwa an ɗauko shi daga ƙananan wasannin aljihu da Gunpei Yokoi ya tsara wa kamfanin. Yokoi ya shahara da ra'ayin cewa a ɗauki fasahar da ta tsufa ta yi araha a nemo mata sabon aiki. Abin da ya zama sabo na haƙiƙa shi ne wasannin, musamman Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto da ya fito a 1985.

Saboda darasin rushewar 1983, Nintendo ya saka wa NES ta Amurka wani makulli na lantarki da ke hana kaset ɗin da ba shi da izini aiki. Famicom ta Japan ba ta da wannan makulli. Nan da nan masana'antun Taiwan, musamman UMC, suka kwafi ƙwayoyinta, aka shiga ƙera na'urori irin su Micro Genius, daga baya har aka dunƙule na'urar duka a ƙwaya ɗaya tilo. Daga nan farashi ya faɗi warwas. A Rasha aka sayar da ita da sunan Dendy tun daga 1992, ta karɓu har a 1994 Nintendo da kansa ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da kamfanin da ke shigo da ita. A ƙasar Sin kuma ta fito da sunan Subor.

Yadda Ta Iso Gare Mu

Hausawa sun daɗe a Ikko. Cinikin goro da na shanu da hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 su suka raya Agege, Idi-Araba kuma ta zama mazaunin 'yan kasuwa da 'yan ci-rani. Mutumin da ke zaune a irin waɗannan unguwanni yana kusa da bakin teku, saboda haka sabon kaya kan riga zuwa hannunsa kafin ya isa Arewa. Da yawa daga gem ɗin da yaran Kano da Zariya da Katsina suka fara gani, tsaraba ce daga Ikko.

Dalilin da ya sa jabun ne ya zo, ba na ainihin ba, yana cikin tarihin tattalin arzikinmu. Shirin SAP na gwamnatin Janar Babangida ya fara a 1986, darajar naira ta zube, kayan Japan da na Turai suka fi ƙarfin ma'aikaci. Hankalin Nintendo kuwa yana kan kasuwannin Japan da Amurka da Turai. Sai 'yan kasuwar Alaba da ke Ojo da na Idumota suka cike giɓin da kayan Taiwan, daga baya na Sin. A wancan lokaci kalmar Taiwan kanta ta zama habaici, da an ce abu ɗan Taiwan ne an san ana nufin ba zai yi ƙarko ba. Duk da haka wajibi ne mu faɗi gaskiya: ba don wannan jabu ba, da ɗan mai shayi da ɗan mai gyaran takalmi ba su taɓa na'ura mai ƙwaƙwalwa ba sai bayan shekaru masu yawa. Wasu ma suna zuwa da allon rubutu irin na kwamfuta, a kansu yara da dama suka fara sanin inda haruffa suke.

Da Sony ya fito da PlayStation a Disamba 1994, sai masu kwaikwayo suka yi wata dabara: suka ɗauki tsohuwar Famicom suka sa mata rigar PlayStation, suka kira ta PolyStation. Iyaye da yawa sun saya suna murna, yaro ya buɗe murfin da ya kamata a saka faifai ya tarar da ramin kaset. A nan kwaikwayo ya tashi daga sauƙaƙa wa talaka ya koma yaudararsa. PlayStation ta gaskiya kuwa ta shigo mana yawanci a gwanjo, an yi mata aikin da zai sa ta karɓi kwafin faifai, ita ce kuma ta haifar da shagunan gem inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallon Winning Eleven.

Manya Ma Suna Leƙen Juna

Kada a ɗauka ƙananan masana'antu ne kawai ke kwaikwayo. PlayStation kanta ta samo asali ne daga wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Sony da Nintendo, wanda ya wargaje a 1991 lokacin da Nintendo ya juya ya kama Philips. A 1996 Nintendo 64 ta zo da ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa, a 1997 aka ƙara mata abin da ke sa madanni ya yi rawa a hannu. A cikin 1997 ɗin Sony ya fitar da nasa mai sanda biyu da rawar hannu, shi ne kuma ya zama abin koyi ga kowa. Haka nan da Wii ta 2006 ta yi kasuwa da wasan motsa jiki, sai ga Sony da Microsoft sun fito da nasu a 2010. Bambancin manya da ƙanana shi ne manya suna da lauyoyi, kuma sukan ƙara wani abu a kan abin da suka ɗauko.

Mafi ban sha'awa shi ne labarin Subor. Mutumin da ya ɗaukaka ta, Duan Yongping, ya bar kamfanin a 1995 ya kafa BBK, kuma daga cikin BBK ne Oppo da Vivo suka fito. Wato wayoyin da ake ciniki a kasuwar kwamfuta ta Otigba a Ikeja, wadda ba ta da nisa da Agege, wasu daga cikinsu jikokin wancan jabun gem ne. Taiwan da muke yi wa dariya kuwa, ita ce ta zama cibiyar ƙera ƙwayoyin lantarki mafi inganci a duniya. Sun fara da kwafi, suka koyi yadda abin yake aiki ta ciki, suka wuce wurin.

Darasi ga Ɗalibin Adabi

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Masana sun daɗe da nuna cewa Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya da sauransu. Amma ba wanda ya karanta littafin ya ji baƙon ƙamshi, domin ya sauya musu gari da suna da ɗabi'a da harshe, har suka zama namu. A ɗaya ɓangaren, tun bayan Turmin Danya na 1990, an sha sukar wasu finafinan Hausa da ɗauko labarin Indiya ɗungurungum, da rawarsa da waƙarsa, a sauya masa riga kawai. Na farko ya yi irin aikin Alcorn da Yokoi, na biyu ya yi irin na PolyStation. Ma'aunin dai ɗaya ne a na'ura da a littafi: me mai ɗaukowa ya fahimta, me ya ƙara, kuma ya faɗi gaskiya game da inda ya samo?

Kammalawa

Nintendo ya daina ƙera Famicom a 2003, bayan shekara ashirin, wayar hannu kuma ta maye gurbin akwatin a yawancin gidajenmu. Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu abin da muka fitar daga shekarun da muka yi muna wasa da shi. Mun samu masu gyara ƙwararru, waɗanda ke farke na'ura su ɗinke a Alaba da Otigba da kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma a Ikko an kafa kamfanonin tsara wasanni irin su Maliyo Games a 2012, masu gina wasa a kan rayuwar Nijeriya. Amma a ɓangarenmu na Hausawa har yanzu mun fi yawa a layin masu saye. Muna da dara da langa da dambe, muna da Gizo da Ƙoƙi da Bayajida da Sarauniya Amina, duk kayan da mai tsara wasa ke nema. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Tarihin da muka bi ya nuna cewa aro ba abin kunya ba ne ga mai koyo, kusan kowa da shi ya fara. Abin kunyar shi ne a shekara talatin ana aro ba a koyi ɗinki ba. Wannan aiki yana jiran ɗalibanmu, na sashen Hausa da na sashen kwamfuta, in za su yarda su zauna a teburi ɗaya.