Man da ya tsare takubban Japan daga tsatsa

Ƙasar Japan tsibirai ce, teku ya kewaye ta, daminarta kuwa danshi ne zalla. A irin wannan yanayi baƙin ƙarfe ba ya jimawa sai ya yi ja. Amma har yau akwai takubban da maƙeri Masamune ya ƙera wajen ƙarni na 14, ruwansu yana ƙyalli kamar jiya aka wasa su. Ƙarfensu mai kabon ne, irin na askar wanzami da wuƙar mahauci, wanda ya fi kowane ƙarfe ɗaukar kaifi, ya kuma fi saurin tsatsa.

Abin da ya cece su shi ne sanin man da ya dace. Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun taɓa shi, don haka kowane maiƙo zai iya tare ta na ɗan lokaci. Wahalar tana zuwa bayan watanni. Wani mai yakan bushe ya yi danƙo, wani ya lalace ya yi tsami, har ya ci ƙarfen da aka shafa shi don ya tsare. Japanawa sun dogara da man ƙwayar tsubaki, wata itaciya 'yar'uwar itaciyar shayi, wanda matansu ke shafa wa gashi. Ba shi da kauri, ba ya saurin bushewa ko lalacewa. Akwai kuma man da suke kira coji, wato man kanumfari. Sunan kan ruɗi mutane, domin a haɗin da ake sayarwa yau kanumfarin ɗan ɗigo ne na ƙamshi, sauran duk mai ne mara kauri.

Shafawar ma tana da ladabi. Sai an goge tsohon mai da takarda mai laushi, a bubbuga garin dutsen wasa ya tsotse ragowar, sannan a shafa sabo, shafa ɗaya siririya. Kuben ajiya na farin itace ne, an manne shi da kullun shinkafa don a iya tsaga shi a share cikinsa. Wutsiyar ƙarfen da ke cikin ƙota kuwa ba a kankare ta, saboda da baƙar tsatsarta masana ke gane shekarun takobi.

A 1876 gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi, maƙera da dama suka koma ƙirar wuƙaƙen girki da kayan sassaƙa, man tsubaki ya bi su can. Daga baya farin mai da ake tacewa daga ɗanyen man fetur ya karɓe kasuwa, domin shi ba ya tsami sam. A 1913 Harry Brearley ya samar da ƙarfe mara tsatsa a Shefil ta Ingila, amma masu yankan kifi a Japan da yawa sun ƙi sakin tsohon ƙarfensu.

Mai sana'ar wuƙa a Kumasi ko Duwala, inda danshi ya yi kama da na can, zaɓinsa ke nan. Man gyaɗa da manja sun wadatar ga wuƙar da ake wankewa kullum. Wadda za a ajiye har damina ta wuce, gara man kaɗe ko farin man kantin magani. Baƙin man inji kuwa kada ya kusanci wuƙar da za ta taɓa nama.