Wane Ya Turo Maka Takarda: Tarihin Damfarar da Ke Fakewa da Sunan Google da Microsoft

A yau za mu waiwayi tarihin wata damfara ce da ake yi ta intanet, wadda mai yiwuwa ta taɓa ƙwanƙwasa maka ƙofa. Wani ɗan gajeren saƙo ne zai faɗo akwatin imel ɗinka, ya ce wane ya ba ka damar buɗe wata takarda, latsa nan ka gani. In kana zaune a London ko Jidda ko Kumasi, irin wannan saƙo ba baƙonka ba ne, domin takardar makaranta da hoton fasfo da rasit duk haka ake aika su yanzu. To a cikin wannan sabo ne 'yan damfara suka sami mafaka.

Ita dai satar kalmar sirri ta hanyar yaudara ta girmi kamfanin Google. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kamfanin AOL ne babbar ƙofar shiga intanet a Amurka, wasu matasa kan aika wa mutane saƙo da sunan su ma'aikatan kamfanin ne, su ce an sami matsala, a turo kalmar sirri. Har wata manhaja suka yi mai suna AOHell da ke sauƙaƙa musu aikin. A nan ne sunan da Turawa ke kiran abin da shi, wato fishin, ya samo asali, ma'ana kamun kifi: a jefa fatsa da abinci a bakinta, a jira wanda zai haɗiya.

A watan Mayun shekara ta 2000 kuma wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna ILOVEYOU ta taso daga birnin Manila na ƙasar Filifin. Maƙale take da saƙon imel, da ka buɗe sai ta aika kanta ga duk waɗanda ke cikin jerin adiresoshinka. Daga nan aka shiga jan kunnen jama'a cewa kada su buɗe abin da aka maƙala wa saƙo in ba su san shi ba, kamfanoni kuma suka kafa matatun da ke bincikar irin waɗannan kaya.

Ana cikin haka sai hanyar aika takardu ta canza. Google Docs ya fito a 2006, Microsoft ya kawo SkyDrive a 2007, wanda aka sake wa suna OneDrive a 2014, Dropbox ya buɗe ga jama'a a 2008, sai Google Drive a 2012. Maimakon ka maƙala takarda, sai ka ajiye ta a rumbun kamfanin, shi kuma ya aika wa abokinka sanarwa da mahaɗin da zai latsa. Wato babu sauran abin da matata za ta bincika a jikin saƙon, sai mahaɗi kawai. Kuma an saba cewa kafin ka ga takardar sai ka shiga akwatinka, saboda haka in an tambaye ka kalmar sirri ba za ka ji wani ɗar ba.

Da farko kwaikwayo kawai 'yan damfarar ke yi. Su zana saƙo mai kama da na Dropbox, su kafa shafin jabu a wani wuri can. Shawarar masana a lokacin ita ce ka duba adireshin wanda ya aiko, ka duba na shafin, ka nemi alamar ɗan kwado a saman allo. Ta yi aiki na wani lokaci. To amma a watan Maris na 2014 kamfanin tsaro na Symantec ya ba da labarin wani shafin jabu na shiga Google da aka ajiye a cikin Google Drive ɗin kansa. Shafin na kan na'urorin Google, ɗan kwadon ma yana nan, kuma da mutum ya rubuta kalmar sirrinsa sai a wuce da shi ga wata takarda ta gaske don kada ya farga. A watan Oktoban wannan shekara kamfanin ya ga an yi irin haka da Dropbox. A 2016 Google ya rufe damar ɗora shafukan intanet a kan Drive.

Kada ka ɗauka marasa ilmi ne kaɗai ke faɗawa. A watan Maris na 2016 saƙon jabu da sunan gargaɗi daga Google ne ya ci John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, kuma wasiƙunsa suka ƙare a shafin WikiLeaks ana saura wata guda zaɓe.

Amma ranar da ta fi shiga tarihi ita ce Laraba 3 ga watan Mayun 2017. A ranar mutane da dama, musamman a Amurka, ciki har da 'yan jarida da ma'aikatan makarantu, suka fara samun saƙo daga wani da suka sani, cewa ya ba su damar buɗe takarda a Google Docs. Saƙon daga akwatin mutumin na gaskiya ya fito. Wanda ya latsa sai ya tsinci kansa a shafin Google na ainihi, ba na jabu ba, kuma ba a tambaye shi kalmar sirri ba sam. Abin da aka ce masa kawai shi ne wata manhaja mai suna Google Docs na neman izinin karanta wasiƙunsa da ganin adiresoshin abokan hulɗarsa. To wa zai hana Google Docs izini?

Ashe manhajar ba ta Google ba ce. Akwai wani tsari mai suna OAuth da ke ba ka damar barin wata manhaja ta yi aiki a cikin akwatinka ba tare da ka ba ta kalmar sirri ba, kamar dai ka ba ɗan aike mabuɗin ɗaki guda maimakon na gida duka. Tsari ne mai kyau, sai dai a lokacin kowa na iya rajistar manhajarsa ya raɗa mata sunan da ya ga dama. Wani ya raɗa wa tasa Google Docs. Da ka amince, sai ta kwashi adiresoshinka ta aika musu saƙon da sunanka, kamar yadda ILOVEYOU ta yi shekaru 17 kafin nan. Alamar da ta tona asirinta ita ce a gurbin wanda aka aika wa saƙon akwai wani baƙon adireshi mai jerin harafin h, na shafin Mailinator. Google ya ce ya dakatar da abin cikin kamar sa'a guda, kuma waɗanda ya shafa ba su kai kashi 0.1 cikin 100 na masu amfani da Gmail ba. Sai dai a lokacin masu Gmail sun haura biliyan 1, saboda haka wannan ɗan kason na iya kusantar mutum miliyan guda. Abin takaicin shi ne tun a 2011 wani mai bincike, André DeMarre, ya yi gargaɗin cewa za a iya yin wannan wasa da sunayen manhajoji. A watan Yulin 2017 Google ya fara nuna gargaɗi a kan manhajojin da bai tantance ba.

Daga nan 'yan damfarar suka gane cewa ba sai sun wahala da kwaikwayo ba. A 2020 aka ga suna buɗe takarda ta gaske a Google, su sa mugun mahaɗi a ciki, su ambaci adireshin mutum, sai Google da kansa ya aika masa sanarwa. Akwai tsare-tsare da ake kira SPF da DKIM da DMARC, waɗanda aikinsu shi ne tabbatar da cewa saƙo ya fito daga inda ya ce ya fito. Irin wannan saƙo yana tsallake su duka, domin ba ƙarya ya yi ba, daga Google ɗin ya fito. Hatimin na gaske ne, abin da ke cikin ambulan ɗin ne guba. A 2023 Google ya ƙara wa Drive wani sashe na jefa takardun banza.

A watan Oktoban 2024 Microsoft ya bayyana yadda salon ya ƙara gogewa a SharePoint da OneDrive da Dropbox. Sai a fara kutsawa akwatin wani kamfani da kuke hulɗa da shi, a ajiye takarda a rumbunsa, a taƙaita ta yadda kai kaɗai za ka iya buɗewa, kuma kallo kawai, ba saukewa. Ta haka na'urorin bincike ba sa iya leƙa cikinta. Ka buɗe, ka tarar da wani maɓalli da ke cewa latsa don ganin saƙon, shi ne zai kai ka shafin da ke tsaye tsakaninka da Microsoft na gaskiya. Duk abin da ka rubuta yana miƙawa, har da lambar nan da ake turowa wayarka, sa'an nan ya sace shaidar da ke nuna ka riga ka shiga. Tun a 2022 kamfanin ya ce irin wannan tarko na ɗan tsakiya ya auna ƙungiyoyi da kamfanoni sama da 10,000 daga watan Satumban 2021. Abin da ake nema a ƙarshe kuɗi ne: a zauna cikin akwatin ana karanta wasiƙu, ranar biyan kuɗi a canza lambar asusun banki. Hukumar FBI ta Amurka ta ce ƙorafe-ƙorafen da ta samu kan damfarar imel ɗin kasuwanci a 2023 sun kai asarar kimanin dala biliyan 2.9.

To mai sauraro, ina mafita tunda duba adireshi da ɗan kwado sun daina wadatarwa? A ganina tambayar farko ita ce, shin ina jiran wannan takarda? In ba ka jira, kira mai ita ta lambar da ka riga ka sani. Kada ka amsa ta imel ɗin, domin in an kutsa akwatinsa ɓarawon ne zai ba ka amsa, kuma zai ce maka ai lafiya lau, buɗe. Sa'an nan ka lura da abin da ya biyo bayan latsawar. Takardar da ba ta ƙunshi komai ba sai wani mahaɗi ko wani maɓalli, tarko ce a mafi yawan lokuta. Haka nan in ka riga ka shiga akwatinka amma aka sake neman kalmar sirri, ko takarda tana Dropbox amma ana neman kalmar sirrinka ta Microsoft, to dakata. Rufe saƙon, ka buɗe Drive ko OneDrive da kanka, ka duba sashen takardun da aka ba ka. In kuma izini wata manhaja ke nema, karanta abin da take so, domin kallon takarda ba ya bukatar karanta dukkan wasiƙunka.

Wanda ya riga ya latsa, canza kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba. Sai ya shiga sashen tsaro ya fitar da duk na'urorin da ke ciki, ya soke izinin manhajojin da bai sani ba, ya kuma duba ko an kafa wata ƙa'ida da ke tura wasiƙunsa wani wuri a ɓoye.

Akwai kuma maganin da ba ya dogara da sa idonka. A 2018 Google ya ce tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da ɗan mabuɗin tsaro da ake soka wa kwamfuta a farkon 2017, ba a tabbatar da an ƙwace akwatin aikin ko ɗaya daga cikinsu ba. Dalili kuwa shi ne mabuɗin yana duba adireshin shafi da kansa, in ba na gaskiya ba ne ba zai amsa ba. Tun daga 2023 Google ya buɗe wa kowa irin wannan tsari a cikin wayar hannu, inda zanen yatsa ko fuskarka ke maye gurbin kalmar sirri, kuma ana kunna shi ne a sashen tsaro na akwatin.