Me ya sa mai ƙidaya ke tambayar shekarunka?

Duk sanda aka tada zancen ƙidaya a ƙasar nan, gardamarmu ɗaya ce: Kano da Legas wa ya fi yawa? Ba mai kula tambayoyi biyun da suka fi aiki a takardar, wato shekarunka nawa, kuma namiji ne ko mace.

Tsoron tambayoyin nan yana da asali. Zamanin Turawa, ƙirga maza baligai na nufin haraji, ƙirga shanu na nufin jangali, shi ya sa ake ɓoye samari. A 1929 da aka fara ƙirga mata a Oloko, can ƙasar Ibo, sai matan suka ɗauka su ma haraji za a ɗora musu. Daga nan boren matan Aba ya tashi, aka harbe mata da dama.

Bayan 'yancin kai sai abin ya juye. Da yawan jama'a ake rabon kujeru da kuɗi, don haka masu ɓoyewa suka koma ƙari. An soke ƙidayar 1962, an karɓi ta 1963 cikin rigima, ta 1973 ma aka soke. To a nan shekaru da jinsi ke tona asiri: in gari ya kawo yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da abin da matansa za su iya haifa, an san an yi cushe.

Na yi aikin ƙidayar 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140. Ba a tambayi addini ko ƙabila ba, amma shekaru dole ne. Wata dattijuwa ta ce min ita dai tana goyon ɗan fari aka kashe Sardauna. Da 1966 ɗin nan na lissafa mata. Wasu kuwa "arba'in" ko "hamsin" kawai za su ce maka, a wuce wurin.

A ofis na gane amfanin abin. Azuzuwa nawa za a gina wa 'yan shekara 6? Allurar rigakafi nawa za a sayo? Ungozoma nawa ake buƙata ga mata 'yan 15 zuwa 49? Jimilla ba ta amsa ko ɗaya.

An ɗage ƙidayar 2023. Jaririn da na rubuta a Maris 2006 ya isa yin zaɓe yanzu, mu kuwa har yau da hasashen waccan takardar muke tsara kasafi.