Shekarar 1986: Hukuncin Legas da Harbin Samaru

'Yan'uwana ɗalibai, kowannenmu ya sa hannu a takardar rantsuwa ran da aka karɓe shi a jami'a, ya yi alkawarin zai bi dokokinta. Aka kuma miƙa masa wani ɗan littafi na dokokin ɗalibai, wanda galibinmu muke jefawa ƙasan akwati. Mu da muka fito daga ƙasar Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, guzurin da iyaye sukan yi mana guda ne: ka yi abin da ya kai ka, kada ka shiga rigima, in an ce bari ka bari. Nasiha ce mai kyau. Sai dai ba ta gaya wa yaro abin da zai yi ran da sunansa ya fito a allon sanarwa an ce an kore shi, alhali ba wanda ya kira shi ya ji ta bakinsa. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in waiwayi shekarar 1986, wadda a cikinta aka yi abubuwa biyu game da dokar jami'a, tsakaninsu 'yan watanni kaɗan.

Sai mun koma baya tukuna. A 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙara kuɗin abincin ɗalibai daga Naira 1 da kwabo 50 zuwa Naira 2 a rana, watau ƙarin sulai biyar, ta kuma ƙara kuɗin kwana. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba. Aka fita tituna ana cewa lalle Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, ya sauka. A watan Afrilu aka harbe ɗalibi a Legas, sa'an nan soja suka buɗe wuta a Zariya aka rasa rayuka. Gwamnati ta haramta NUNS, ta kuma raba shugabannin jami'o'in Legas da Ahmadu Bello da kujerunsu. Sai a 1980 wata sabuwar ƙungiya, NANS, ta maye gurbin tsohuwar.

To, a watan Fabrairu na 1983 sai tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri. An ƙone dukiya, an fasa wurare, an doki mutane, kuma cikin waɗanda ɓarnar ta shafa har da Mataimakin Shugaban Jami'a. Ba ni da niyyar wanke waɗanda suka yi wannan aika-aika, don kuwa ɓarna ce ko ta ina aka dube ta. Shugaban Jami'a na lokacin, Farfesa Jibril Aminu, ya kafa kwamitin bincike da ladabtarwa. Wa aka ɗora a kan kujerar shugaban kwamitin? Shi dai Mataimakin nan da aka yi wa ɓarna. Kwamiti ya yi zamansa ya kai rahoto, aka kori ɗalibai da dama bisa zargin ƙone-ƙone da wawashe kaya da duka.

A nan ne wasu daga cikin korarrun, da wani mai suna Garba a kan gaba, suka yi abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Suka ɗauki lauya, Gani Fawehinmi, suka kai jami'arsu ƙara. Babbar Kotu a Maiduguri ta ba su gaskiya. Jami'a ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wancan hukunci. Ba su karaya ba, suka wuce Kotun Ƙoli, wadda a lokacin take zama a Legas. Shari'a mace ce da ciki, in ji masu iya magana, kuma wannan cikin ya kai shekara uku kafin a haihu. A farkon 1986 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Obaseki, ta soke korar.

Ya kamata mu tsaya mu duba dalilan alƙalan, don su ne gadon da aka bar mana. Kotu ba ta ce Shugaban Jami'a ba shi da ikon hukunta ɗalibi ba. Dokar da ta kafa jami'ar ta ba shi wannan iko. Abin da ta ce shi ne, a saman dokar jami'a akwai Tsarin Mulkin ƙasa, kuma sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979 ya wajabta a saurari kowa cikin adalci kafin a yanke masa hukunci. Dole a gaya wa ɗalibi laifin da ake tuhumarsa da shi, ya san abin da shaidu suka faɗa a kansa, a ba shi dama ya kare kansa. Har ila yau wanda aka yi wa laifi ba zai zama alƙali a kan maganar ba, ko da kuwa mutumin kirki ne, domin zuciyar mai kallo ba za ta natsu ba. Abu na uku shi ne ya fi tayar da ƙura: laifuffukan da aka jingina wa ɗaliban, kamar ƙone gida da sata, laifuffuka ne a dokar ƙasa, saboda haka kotu ce kaɗai ke da ikon cewa mutum ya aikata su.

Ni dai da na karanta waɗannan dalilai ban ga baƙon abu a cikin biyun farko ba. Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali a Kazaure ko a ƙofar dagaci ya san ba a yanke magana sai an ji ta bakin kowane ɓangare, kuma ba a barin mai ƙara ya hau buzun alƙali. Shari'ar Musulunci ta zo da wannan tun da daɗewa. Abin mamaki shi ne a ce gidan ilmi, inda ake koyar da lauyoyi, sai da kotu ta tuna masa.

Tawadar wannan hukunci ba ta gama bushewa ba sai ga ta Samaru. A watan Afrilu na 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano don tunawa da 'yan'uwansu da aka kashe a 1978. Jerin ya ratsa ta Zauren Amina, masaukin 'yan mata, inda doka ta hana maza shiga. Dokar tana nan a rubuce, ba kuma dokar banza ba ce. Iyaye da yawa daga irin garuruwanmu ba za su bar 'ya'yansu mata su kwana a makaranta ba in babu ita. Hukumar jami'a a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ɗalibai da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka ga hukuncin ya wuce laifin, suka fito suna cewa Ango ya sauka. Ran 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar jami'a suka yi harbi. Gwamnati ta ce mutum 4 suka mutu, ɗalibai kuwa suka ce abin ya fi haka. Wuta ta kama a sauran jami'o'i, aka rurrufe da yawa. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin Manjo Janar Abisoye, daga baya kuma hukumar bincike ta Mai Shari'a Mustapha Akanbi. Aka haramta NANS, Ango Abdullahi kuma ya bar kujerar a shekarar. (Mai son bin zaren tarihi ya lura: Jibril Aminu ne Sakataren Hukumar Jami'o'i a 1978, shi ne Shugaban Jami'ar Maiduguri a 1983, shi ne kuma Ministan Ilmi a 1986.)

A ganina, da hukumar jami'a da shugabannin ɗaliban Zariya duk suna da wata ƙofa da aka buɗe musu watanni uku kafin nan, amma zafin kai da bakin bindiga suka riga su. Ba na cewa kotu tana maganin kome. Zamanin soja ne, kuma a 1989 gwamnati ta fito da Dokar Soja mai lamba 47, wadda ta mai da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma ba hukuma ikon dakatar da ƙungiya ko rushe ta. Korarrun Maiduguri ma shekara uku suka yi a gida suna jira, tsararrakinsu suna karɓar digiri. Duk da haka, abin da suka samo yana nan har yau, lauyoyi na kafa hujja da shi.

Kada kuwa wani ya ɗauka shari'ar Garba ta zama laya. A 2004, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, Kotun Ƙoli ta yarda jami'a na iya dakatar da ɗalibi yayin da ake bincike a kansa, don a kiyaye zaman lafiya. Satar jarrabawa kuma, tun 1999 akwai dokar Tarayya a kanta mai ɗauke da tara da ɗauri, ban da hukuncin makaranta. Wanda aka kama da takarda a aljihu, sanin sashe kaza ba zai fisshe shi ba. Abin da yake da shi kawai shi ne a saurare shi kafin a hukunta shi.

A Tsarin Mulkin 1999 da muke amfani da shi, wancan sashe na 33 ya koma na 36. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin kilomita 40. Sashe na 40 ya tabbatar da 'yancin taro da kafa ƙungiya, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'a da ta biyo bayan tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano a 2003, ta ce ba a bukatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana. Wannan bai share dokokin cikin harabar jami'a ba, amma ya nuna inda iyakarsu take. Bugu da ƙari, dokokin da suka kafa jami'o'in Tarayya sun ba ɗalibin da aka kora ko aka dakatar damar kai kukansa gaban Majalisar Gudanarwa ta jami'a, cikin wa'adin da aka ƙayyade. Kotu kan so ta ga an bi wannan hanya ta cikin gida kafin a zo gabanta, kuma wa'adin yakan wuce ɗalibi yana can ƙauye yana tunanin yadda zai gaya wa mahaifinsa.