Dambe da Amonsa a Ƙasar Kazaure

A ƙasar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa sarautarta a shekarar 1819, dambe asalinsa al'adar mahauta ce, waɗanda, idan kaka ta yi aka cika rumbuna, sukan bi garuruwa irin su Roni da Gwiwa har zuwa Babura, makaɗan kalangu na biye da su. Wajen ba da labarin irin waɗannan fagagen dambe akan yi amfani da lafuzzan amsa-kama, domin wanda bai halarta ba ya ji labari tamkar ya gani: an naɗe hannu da zare, naushi ya sauka ƙwal a ka, ƙato ya faɗi tim, an yi kisa. Haƙiƙa wajibi ne malamanmu su taskace wannan gado na lafuzzan amsa-kama, kamar yadda Japanawa suka tattara nasu cikin ƙamusoshi.