Yadda ƙwayoyin bakteriya ke miƙa wa juna sinadarin gado

Ƙwayoyin bakteriya kan hayayyafa ne ta hanyar rabewa gida biyu, to amma kuma suna iya miƙa wa junansu sinadarin gado na DNA kai tsaye.

Joshua Lederberg da Edward Tatum ne suka gano hakan a shekarar 1946 a Jami'ar Yale ta Amurka.

Ƙwayar da ke ɗauke da wani ɗan zoben DNA da ake kira plasmid takan miƙa siririn zare ta jawo maƙwabciyarta har su haɗu. Daga nan sai ɗaya daga cikin igiyoyi biyu na zoben ta tsallaka, kowace ƙwaya kuma ta saƙa igiyar da babu, zobenta ya cika. Wadda ta karɓa ita ma takan miƙa wa wasu.

Wannan na daga cikin manyan hanyoyin da bijire wa magunguna ke yaɗuwa. A shekarar 1959, masana a Japan sun nuna yadda hakan ke faruwa tsakanin E. coli da Shigella mai haddasa atuni.

Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun hallaka mutane miliyan 1.27 a shekarar 2019.