Daga Zaure Zuwa Zoom: Inda Ofis Ya Fito da Inda Ya Nufa

Kafin kalmar ofis ta shigo Hausa, zaure ne wurin aiki. A nan hakimi ke sauraron ƙara, malami ke rubutu, attajiri ke lissafi da yaransa. Mutum ya fito daga cikin gida taku kaɗan, ya kama aiki. Gudanar da aiki daga nesa ma ba baƙo ba ne. A zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Waziri Giɗaɗo yana kula da lamuran masarautun gabas daga Sakkwato, ta hanyar wasiƙu masu hatimi da manzanni ke kaiwa a kan doki.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka raba aiki da gida. En'e ta zo da gini na musamman, da teburi, da fayil, da agogo. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, sai ofisoshi suka taru a Gusau. Ɗan Janbako ko Bakura da ya yi boko, dole ya bar gida ya bi kujera birni.

Wayar salula da ta shigo Najeriya a 2001 ta fara sassauta wannan igiya. Annobar korona ta 2020 kuwa ta nuna wa kamfanonin duniya cewa akawu da mai rubuta manhaja na iya aiki daga ɗaki ta Zoom.

Amma Zamfara ta ga ɗaya fuskar. A Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Masu POS suka rufe, ciniki ta waya ya tsaya, wasu sai sun shiga mota sun bar jihar kafin su yi kira ɗaya. Duk wanda abincinsa ke kan intanet, ofishinsa ya rufe rana guda.

A Landan ana muhawara ne kan kwana nawa ma'aikaci zai leƙa ofis a mako. A Maradun da Talata Mafara, tambayar ita ce wuta da sabis da tsaro. In an samu waɗannan uku, zaure mai sola da tebura huɗu ya ishi matasan gari su yi wa Legas aiki, su kwana gidan ubansu. Manzon Waziri ma bai isa ko'ina sai hanya ta yi lafiya.